Garin Masoyi Ba Ya Nisa: Tsokaci a Kan Yawon Shaƙatawar Ma'aurata

Gabatarwa

Duk lokacin da gwamnati ta ba da sanarwar hutu, musamman in ya faɗo ranar Juma'a ko Litinin ya haɗe da Asabar da Lahadi, ma'aikaci yakan sami kwana uku ko huɗu a hannunsa waɗanda babu mai tambayarsa yadda ya yi da su. A da, abin yi sananne ne: a je gida a gai da tsofaffi, a leƙa gona, a kai gaisuwar rasuwa ko barkar haihuwar da aka yi ba ka nan. To amma a 'yan shekarun nan wata sabuwar tambaya ta shigo gidajenmu, har nan ƙasar Daura, musamman a tsakanin matasan ma'aurata, ita ce: "Maigida, wannan hutun ina za ka kai ni?"

Wasu magidanta in sun ji wannan tambaya dariya suke yi, wasu kuwa tsaki. A ganina ba ta cancanci ko ɗaya daga ciki ba, domin kuwa a ƙarƙashinta akwai tambayoyi masu nauyi. Shin ya dace mutum ya ɗauki iyalinsa su kama hanya ba don fatauci ko zumunci ko neman magani ba, sai don kawai su ga wuri mai kyau? In ya dace, shi kyan nan da ake nema a ina yake zaune, a jikin wurin ko a idon mai kallo? Sannan da wane mudu za a auna wurin da ya kamata a je? Waɗannan su ne abubuwan da wannan ɗan tsokaci zai yi ƙoƙarin dubawa, da fatan mai karatu zai yi mini rakiya har ƙarshe.

Bahaushe da tafiya

Babu mai cewa Bahaushe bai san tafiya ba. Kakanninmu sun kora jakuna zuwa Gwanja sun ɗauko goro, sun taka da ƙafa sun ratsa Barno da Sudan zuwa Makka, wasu ma shekaru suka yi a hanya. Muna da fatauci, muna da cin rani, muna da tafiyar neman ilmi da ta ziyarar dangi. Abin lura shi ne, kowace daga cikin waɗannan tafiye-tafiye da dalilinta a goshinta. Tafiyar da ba ta da dalili kuwa suna daban muka ba ta, wato yawo, kuma yawancin kalmomin da muke jingina wa yawo na zargi ne: yawon banza, yawon dandi, yawon duniya. Shi ya sa da baƙuwar al'adar nan ta zo, sai da muka nemo mata riga mai mutunci, muka ce yawon buɗe ido, don a nuna cewa akwai abin da ake ƙaruwa da shi.

Haka abin yake a adabinmu. A littafin Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, tauraron labarin ya sha yawo ƙasa-ƙasa, amma ruwan magani ya fita nema. Da shi marubucin ya je Ingila a 1943 tare da wasu 'yan jarida na Afirka ta Yamma, littafin da ya rubuta a kan tafiyar karin maganar nan ya sa masa suna, Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ke nan ko a takarda, sai tafiya ta nuna ribarta kafin mu karɓe ta.

Akwai kuma abu na biyu. A mafi yawan waɗannan tafiye-tafiye, namiji ne ke tafiya, mace tana gida tana jiran tsaraba. Mu duba labarin da ƙasarmu ta fi shahara da shi. Masana tarihi suna da saɓani a kan ko Bayajidda mutum ne da ya rayu ko kuwa labarin ishara ce ga shigowar wasu baƙi, amma yadda aka ba mu shi tun muna yara shi ne: ya baro Bagadaza ya zauna Barno, ya auri 'yar Sarki, ya gudo da ita, da suka iso Garun Gabas sai ya bar ta da juna biyu ya ci gaba shi kaɗai. Ya biya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a, ya je Kusugu ya kashe macijiya, ya auri Daurama. Kowa yana tuna macijiya da rijiya da auren sarauniya. Ba kasafai ake tsayawa a tambayi yadda waccan baiwar Allah da aka bari a hanya ta kwana ba. To tambayar da matan yanzu suke yi, in aka saurare ta da kyau, tambayar waccan ce: in za ka tafi, me zai hana mu tafi tare?

Sabo turken wawa

Kafin a yanke hukunci a kan kowane aiki, ya kamata a san amfanin da ake nema da shi. Mene ne mutum yake nema in ya bar gidansa ya je ya zauna bakin ruwa ko gindin dutse? Amsar da ta fi saurin zuwa ita ce kyan wurin. Amma mu gwada wannan amsa. Mutane suna tasowa daga Kano da Legas, har daga ƙasashen Turai, su zo Daura don su ga rijiyar Kusugu, su sha ruwanta, su tsaya ƙofar fada su yi hoto. A cikin garin nan kuwa akwai wanda ya yi shekara arba'in yana wucewa ta gefen rijiyar a kan babur bai taɓa leƙawa ba. Rijiyar ɗaya ce. Abin da ya bambanta shi ne idon baƙo a buɗe yake, na ɗan gari kuwa sabo ya rufe shi.

Wani misali. Matafiyin da ya ratsa ƙasarmu da rani zai iya cewa babu abin gani sai rairayi da ƙura. Amma manomi ya san gawo, itacen da yake zubar da ganye da damina lokacin da kowane itace ya yi kore, sannan ya tofo da rani lokacin da daji ya bushe, ya ba dabbobi inuwa da abinci, ya bar wa gona taki. Wanda ya san wannan, in ya hangi gawo ya yi shar a tsakiyar fako a watan Maris, zai ga abin da wancan matafiyi bai gani ba. Ashe ke nan kyau yana buƙatar abu biyu: abin kallo, da idon da ya farka.

A nan ne maganar ta shafi aure. Sabon da ya hana ɗan Daura ganin Kusugu, shi ne yake hana miji ganin matarsa, ya hana mata ganin mijinta. Bayan shekara goma da 'ya'ya huɗu, hirar gida takan koma lissafi: kuɗin cefane, kuɗin makaranta, wane ba shi da lafiya, garwar ruwa ta ƙare. Shi ya zama mai kawowa, ita ta zama mai dafawa. Ba faɗa suke yi ba, ba kuma ƙiyayya ce ta shiga ba, kowa dai ya daina ganin ɗan'uwansa a matsayin mutum mai tunani da buri da abin dariya. Hausawa suka ce sabo turken wawa, kuma aure da yawa a wannan turke yake mutuwa tun ba a kai gaban alƙali ba.

Don haka a fahimtata, babban amfanin irin wannan fita shi ne ta kwance mutum biyu daga turken nan na ɗan lokaci. In suka zauna inda babu tukunya a kan wuta, babu mai sallama a zaure, idon da ya buɗe don kallon ruwa ko dutse yakan juyo ya ga wanda ke zaune kusa da shi. In mun yarda da wannan, to wurin da za a je hanya ce kawai zuwa ga wannan manufa, kuma da ita za a auna shi.

Hujjojin masu suka

Masu sukar wannan al'ada ba mutanen banza ba ne, kuma hujjojinsu suna da ƙarfi. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Hujja ta farko ita ce, wannan kwaikwayon Turawa ne da finafinan Indiya, inda saurayi da budurwa suke guje-guje cikin furanni. Babu shakka daga can mafi yawan matasanmu suka ga abin. Amma asalin inda mutum ya ga abu ba shi ne ke yanke hukuncin kyansa ko muninsa ba, in ba haka ba da mun jefar da agogo da keke. Bugu da ƙari, muna da misalin da ya girmi finafinai da fiye da shekara dubu. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan tafi da iyalinsa in zai yi tafiya. Nana A'isha ta ba da labarin cewa a wata tafiya ya umurci sahabbai su yi gaba, sannan suka yi tsere ta wuce shi, bayan wasu shekaru da ta yi jiki suka sake, ya wuce ta. A lura da yadda aka haɗa abu biyu a nan: an yi raha da iyali, an kuma kiyaye kunya, tun da sai da jama'a suka yi nisa. Haka nan Alƙur'ani mai girma a wurare da dama ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa don a dubi halitta da kuma ƙarshen al'ummomin da suka shuɗe.

Hujja ta biyu ita ce almubazzaranci. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba ta koma wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 a 2024. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a shekarar 2024 naira 70,000 ne. A irin wannan hali, in ji masu suka, wane mai imani ne zai ƙona mai don kallon dutse alhali maƙwabcinsa bai ɗora tukunya ba? Wannan magana ce da ba a kau da kai daga gare ta. Sai dai mu tuna, almubazzaranci shi ne kashe dukiya inda ba ta da amfani ko fiye da ƙima. Magidancin da yake ganin asara ce ya kashe kuɗin mota don ya fita da matarsa sau ɗaya a shekara, sau da yawa shi ne ba ya jin ciwon abin da yake kashewa a teburin mai shayi da mai tsire kowane dare shi kaɗai. Abin da hujjar nan ta hana shi ne tafiyar da ta fi ƙarfin aljihu. Ba ta hana wadda aka yi daidai ruwa daidai tsaki ba.

Hujja ta uku ita ce zumunci, kuma ita ce ta fi nauyi. Zumunta a ƙafa take, kuma ma'aikacin da ke Abuja ko Kaduna ba shi da lokacin taka ƙafar sai da hutu. Duk wanda ya ga yadda Daura take cika da Sallah, ya ga 'ya'yan gari sun dawo daga ko'ina don hawan Sallah da hawan Magajiya, ko ya ga taron Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, ya san waɗannan ranaku na jama'a ne. Mutumin da ya bar tsohuwarsa tana duban hanya ranar Sallah ya tafi shaƙatawa, bai yi daidai ba, ko da wace hujja zai kawo. Amma a nan ma akwai abin da ba a cika faɗa ba. Shi maigida in ya je gida hutawa yake yi, yana zaure ana kawo masa fura da tuwo. Ita kuwa uwargida ta baro madafinta ne ta shiga na surukai, wanda ya fi nata yawan baki. Ta yi hutu a takarda, a jiki kuwa aiki ya ninka. Hutu a shekara ba ɗaya ba ne: akwai na 12 ga Yuni, da na 1 ga Oktoba, da na Ista da Kirsimeti. In an ba iyaye da dangi Salloli biyu, wanda haƙƙinsu ne, ba zalunci ba ne a ware wa abokiyar zama ɗaya daga cikin sauran.

Ma'aunai huɗu

In mun amince cewa fitar tana da gurbi, saura zaɓen wuri. Ga ma'aunai huɗu da nake ganin ya kamata a ɗora kowane wuri a kansu, bisa jerin muhimmancinsu.

Na farko, lafiyar hanya. Ran matarka amana ce a hannunka, iyayenta ba su ba ka ita don ka gwada jarumtaka da ita ba. Kowa ya san irin halin da yammaci da kudancin Jihar Katsina suka shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga, daga Jibiya da Batsari da Safana har zuwa Faskari da Sabuwa, kuma ba mu manta da ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka sace a Disambar 2020 ba. Dajin Rugu, wanda a wani zamani zai iya zama abin alfahari ga mai son kallon daji, ya zama sunan da ake ambata da fargaba. Al'amarin tsaro yana sauyawa daga wata zuwa wata, don haka hoton da mutum ya gani a waya ba hujja ba ce. A je tasha a tambayi direbobin da suke bin hanyar kullum, a fita da hantsi, a dawo kafin almuru. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Wurin da za a je zuciya tana ɗar-ɗar, ko Aljannar duniya ce, ba zai ba da natsuwar da aka fita nema ba.

Na biyu, aljihu. Duk tafiyar da za a ci bashi a yi ta, ko a taɓa kuɗin makarantar yara, ta rushe manufarta tun kafin a tashi, domin za a dawo da sabon abin faɗa. Mu malaman makaranta mun fi kowa sanin tsawon wata. Kwana ɗaya da aka je aka dawo da guzurin dambun nama da gorar kunun zaƙi, hankali kwance, ya fi kwana uku a babban otal ana lissafi a zuci.

Na uku, adalci. Mai mace fiye da ɗaya ba shi da ikon ya ɗauki amarya ya bar uwargida da wanki da yara, sannan ya kira abin soyayya. Sunna ta nuna hanya, domin Manzon Allah ƙuri'a yake jefawa tsakanin matansa in zai yi tafiya. Ko dai a yi ƙuri'a, ko a yi bi da bi kowa ta san ranarta. Adalci ya haɗa har da shawara. Sau da yawa maigida shi ke zaɓen inda ransa yake so, ya biya ta gonarsa, ya tsaya wurin abokinsa sa'a biyu ita tana cikin mota, sannan ya dawo yana jiran godiya. In don ita aka fita, a tambaye ta abin da take so ta gani.

Na huɗu, niyya. Wannan ma'auni shi ne ya fi wuyar riƙewa a zamanin wayar hannu. Mutum ya tambayi kansa tsakaninsa da Allah: wannan wuri na zaɓe shi don mu zauna mu yi hira, ko don hoton da za mu sa a Facebook da WhatsApp? Gwajin mai sauƙi ne. Da za a ce maka ba za a ɗauki hoto ko ɗaya ba, kuma babu wanda zai san kun je, za ka je? In amsar a'a ce, to don idon jama'a za ka yi tafiyar, matarka kuwa kayan ado ce a ciki. Irin wannan tafiya riya ce, kuma takan cusa wa matan maƙwabta ɓacin rai, ta jawo wa mazajensu rigimar da ba su san mafarinta ba.

Hanyoyi huɗu daga Daura

Wani zai ce, to bayan duk waɗannan sharuɗɗa me ya rage? Abin da ya rage yana da yawa, in mun cire raini. Masarautar Daura ƙananan hukumomi biyar ce, wato Daura da Mai'aduwa da Sandamu da Zango da Baure, kuma kowace kusurwa aka fuskanta akwai abin gani.

Wanda ya yi gabas zai bi sawun tarihi. Bayan da mutanen jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka karɓi Daura a farkon ƙarni na 19, zuriyar sarakunan Haɓe sun koma sun kafa mulki a Zango da Baure, suka yi kusan shekara ɗari a can, har zuwa lokacin da Turawa suka dawo da Sarki Musa Daura a farkon ƙarni na 20. Baturen nan M. G. Smith ya rubuta littafi sukutum a kan wannan al'amari, aka buga shi a 1978. Miji da mata da suka bi wannan hanya a ƙarshen damina, gero ya fitar da kai, wake ya rufe ƙasa, giginya da goriba suna tsaye a fadama, ba za su rasa abin zance ba.

Wanda ya yi arewa zai biya Mai'aduwa da babbar kasuwarta ta dabbobi, ya isa Kwangwalam a bakin iyaka. Daga nan hanya ta miƙe ta Matamaye zuwa Damagaram, birnin da ya riƙe hedikwatar Nijar har 1926, mai fadar Sarki ta ƙasa da tsohuwar unguwar Birni da manyan duwatsu a tsakiyar gari. Sai dai iyakar ta sha rufewa, daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, saboda haka mai wannan niyya ya bincika halin da ake ciki, ya kuma riƙe takardunsa.

Wanda ya yi yamma ta Mashi, tafiyar kimanin kilomita 80 za ta kai shi Katsina, ya ga hasumiyar Gobarau, ya shiga ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. A ƙasar Mani kuma akwai kushewun Durɓi ta Kusheyi na sarakunan farko. Wanda ya yi kudu zai ratsa duwatsun Kazaure, waɗanda suke yin kore shar da damina, ya wuce ta Dambatta zuwa Kano, ya hau Dala ya hangi birni, ya sauko ya shiga Gidan Makama.

Wanda kuma aljihunsa bai kai ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ga madatsun ruwa na Sabke da Daberam nan kusa, inda za a shimfiɗa tabarma da la'asar a kalli masunta da masu noman rani. Ga Tsohon Birni, inda aka ce nan sarauniyoyin Daura suka zauna kafin Daurama ta dawo da gari inda yake yanzu. Ga ita kanta Kusugu. Ina da yaƙinin akwai matan aure masu yawa a cikin garin nan da suka karanta labarinta a aji uku na firamare, amma har yau ba a taɓa kai su sun leƙa ta ba.

Lokaci ma yana cikin zaɓe. Daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba ƙasarmu ta fi kyau, ruwa ya ɗauke ko ya yi sauƙi, hanya ta bushe, amfanin gona yana tsaye, ga shi kuma hutun 1 ga Oktoba ya faɗo a ciki. Da hunturu hazo yakan rufe nesa, da bazara kuwa zafi ba ya barin a zauna a fili.

A nan ina da ɗan ƙorafi ga 'yan'uwana marubuta. Tun daga littattafan soyayya da suka cika kasuwa a shekarun 1990 har zuwa waɗanda ake karantawa a waya yau, in masoya za su shaƙata sai a ɗora su a jirgi zuwa Landan ko Dubai. Yarinyar da ta tashi da irin wannan karatu za ta ɗauka soyayya sai da fasfo, in mijinta ya ce su je Sabke ta ga ya raina ta. Mutane suna koyon ganin kyan wuri ne daga waɗanda suka siffanta musu shi. In ba mu rubuta gawo da giginya da faɗuwar rana a kan rairayin Baure ba, babu baƙon da zai zo ya rubuta mana.

Kammalawa

A taƙaice, abin da wannan tsokaci yake cewa shi ne: fitar miji da mata don shaƙatawa abu ne mai kyau matuƙar an san abin da ake nema da ita, wato a yaye sabon da ya rufe idon kowannensu daga ɗan'uwansa. Ba ta ture haƙƙin iyaye, ba ta halatta bashi, ba ta yarda da fifita wata mata a kan wata, ba ta kuma cancanci a sa rai cikin haɗari dominta ba. Wurin da ya fi dacewa shi ne wanda za a je lafiya, a biya ba tare da nadama ba, a zauna ba don idon kowa ba, a dawo ana da sabon abin hira.

Da Hausawa suka ce garin masoyi ba ya nisa, abin da aka saba fahimta shi ne mai so ba ya jin tsawon hanya. Ina ganin karin maganar tana ɗauke da wata ma'anar kuma ga wanda ya riga ya yi aure: shi nasa masoyin yana cikin gidansa, tafiyar da ta rage masa gajera ce, kuma kuɗin babur ma ya isa a fara ta. Saboda haka in hutu ya zo aka yi maka tambayar nan, malam, kada ka yi tsaki. Ka ce mata ta ɗauko mayafinta.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya buɗe hanyoyin da suka rufe, ya sanya albarka a gidajenmu, amin.